Bugu na Biyu na Wasan Fatake

Ni na ƙirƙiri Wasan Fatake. Ina so a riƙe wannan tun daga farko, domin yau in ka tambayi masu yinsa a Karaye da Rogo, sunan Ɗayyabu za su kira maka. Ba shi ba ne. Ni ne, Nasidi, malamin aji shida, kuma ni na koya wa Ɗayyabun yadda ake cike takardar ma.

Muna kwalejin horon malamai wani Bature da ke koya mana lissafi ya koma ƙasarsu, ya bar wani littafi a ɗakinsa, duk hotunan dodanni da mayaƙa. Rabin Turancin da ke ciki bai shiga kaina ba, amma na kama gindin abin. Mutum ɗaya yana ba da labari. Sauran kowa yana da mutuminsa a cikin labarin, an rubuta sunansa da abubuwan da ya iya a takarda. In mutuminka zai yi wani abu mai wuya, sai ka jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Dodannin Turawa ba su dame ni ba, sai na kore su na zuba ayarin fatake da jakunansu, daga Kano zuwa Gwanja sayo goro, ga 'yan fashi, ga koguna, ga sarakunan hanya masu kwaɗayi. Mai ba da labarin na sa masa suna Madugu. Tun ranar farko, a 1987, Madugun nan ni ne.

Mu huɗu ne. Akwai Falalu tela, akwai Shitu ɗan Zoza mai tuƙa tifa a wajen aikin dam, sai Ɗayyabu, mai buga tafireta a wata sakandare a Rogo, wanda ke zuwa a kan babur duk Asabar. Muna haɗuwa bayan la'asar a zauren kawuna, Malam Barau, ƙanin mahaifiyata. Malami ne mai karantar da littattafai, dattawa ke ɗaukar karatu a wurinsa da safe, amma Asabar da yamma yakan shige cikin gida ya bar mana zauren. Bai taɓa leƙowa ba. Ni nake zama a jikin bango a kan buzun ragon layyata, ga faranti na jefa ɗan lido a gabana, su ukun suna tabarma suna kallon bakina. In na yi shiru, ba mai motsi. Ba zan ɓoye ba, a duk mako babu abin da nake jira kamar wannan shirun.

Dokokina suna cikin wani littafin rubutu mai shafi arba'in da na cike da biro. Takardar mutum kuwa falle ne da ake yagowa, ka rubuta suna a sama, ka jera gwanintarsa a ƙasa, kowace da lambarta daga ɗaya zuwa tara. Ana jefa 'yan lido biyu, in abin da ya fito bai wuce lambarka ba ka ci. Madugu ne ke ƙara wa mutum lamba in ya ga dama. Ni ma ina da mutumina a ayarin, Ilu jagaba, kuma gaskiya a hankali Ilu ya kai tara a harbi, tara a iyo, tara a ciniki, tara a magani. Har ɗinki yana da bakwai. In ayari ya shiga uku, Ilu ke fitar da shi. Ban taɓa jin wani ya yi ƙorafi ba, ko kuma ban saurara ba.

Wata Asabar cikin kakar 1991, an gama cirar gyaɗa, Ɗayyabu ya kafe babur ɗinsa ya shigo da wani ƙunshi a leda. Muka gaisa, ya tambayi gida da aiki da gajiya, na tambayi mutanen Rogo. Sai ya kwance ledar ya miƙo mini abin da hannu biyu.

"Madugu, ga ɗan abin da na yi. Kai za ka fara gani."

Littafi ne bugagge. Ya buga shi a sitensil ya gurza a injin makarantarsu, ya ɗinke gefen da zare. Ƙamshin tawada ya cika zauren. A bango an rubuta da manyan baƙaƙe: WASAN FATAKE, BUGU NA BIYU. A ƙasa kuma: Nasidi Karaye ya ƙirƙira, Ɗayyabu Rogo ya tsara. Na san wani zai ce ai ya sa sunana, har ma a gaba. To ya sa. Amma girman baƙaƙen sunansa daidai yake da na nawa, kuma wannan shi idona ya fara gani.

Na ce, "Ashe an yi bugu na ɗaya ban sani ba?"

"Littafinka ai shi ne na ɗaya," in ji shi, yana murmushi.

Ya raba wa kowa nasa, ya kuma zaro wasu fallaye dabam. Takardun mutum ne, su ma bugaggu, da layuka a miƙe da ɗakuna biyar-biyar. Suna. Gari. Gado. Koyo na ɗaya. Koyo na biyu. Shitu ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Shekara huɗu ina yago masa takarda bai taɓa goge hannu ba.

Ɗayyabu ya yi bayani. Kowane mutum yana da sana'a ɗaya ta gado, wadda ya tashi ya tarar a gidansu, ita tana farawa da biyar. Sai abu biyu da ya koya a waje, su da bibbiyu suke farawa, kuma ba sa ƙaruwa sai in a cikin labarin ya sami gwani ya zauna a ƙarƙashinsa ya yi masa hidima. Ba mai wuce sana'a uku.

"Ka ga kamar yadda yake a gari," in ji shi. "Ɗan maƙeri bai zama wanzami don ya ga dama ba. In kowa ya iya komai, me zai sa a tafi a ayari?"

Maganar ta yi ma'ana, shi ya sa ta ƙona mini rai. Na buɗe shafi na uku, idona ya faɗa kan wani layi da aka ja wa ƙasa: Madugu ba ya riƙe mutum a ayari.

Falalu ma ya kai wurin. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya tattara fuska kamar mai gaisuwar mutuwa. "Allah ya jiƙan Ilu. Mutumin kirki, ya iya ɗinki."

Shitu ya kwashe da dariya har da buga cinya. Ɗayyabu bai yi dariya ba, amma bai hana su ba. Na rufe littafin. Shafi ashirin da huɗu ne, na tsaya a na uku. Na ce kaina ke ciwo tun safe, na tashi na zura takalmi.

Ɗayyabu ya biyo ni bakin ƙofa. "Madugu, don Allah ka karanta har ƙarshe. Akwai babban abin da na canja, wanda nake so mu yi magana."

"Ai na ga babban abin," na ce masa. "Sannu da ƙoƙari."

Ina isa gida na cilla littafin saman kwaba. Matata Zuwaira tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta bi ni da kallo.

"Malam, yau da wuri haka?"

"Kaina ke ciwo."

Ta ce sannu. Ba ta ba ni magani ba, domin ta san ni.

Ranar Litinin na biya shagon Falalu karɓar wandona. Ina shiga na ga takardar Ɗayyabu manne a bango saman keken ɗinki, kusa da kalanda, ya cike ta da jan biro. A ɗakin gado ya rubuta ɗinki. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara zuba. Wai bayan tafiyata sun ɗan gwada, Ɗayyabu ya ba da labarin, gwaji kawai. Wai ayari ya shiga wani fako babu ruwa, salkar ruwa ɗaya da ta rage ta yage, kuma mutumin Falalu ne ya ɗinke ta da jijiyar akuya ya ceci kowa.

"Shekara huɗu, Malam Nasidi," in ji shi, yana taka keke. "Shekara huɗu ina kora jakuna. Ban taɓa ceton ko kaza ba sai shekaranjiya."

"A kan buzuna ya zauna?"

"A'a, naɗe shi ya yi ya jingine. Kai dai ka zo Asabar ka gani. Kuma ka san yanzu babu…"

"Ban tambaye ka ba. Ba ni wandona."

Kafin ya gama naɗe wandon sai da ya sake ba ni labarin salkar nan daga farko. Ranar Talata na gamu da Shitu a bakin masallaci, shi ma salkar ya kawo mini, har yana kwaikwayon muryar Ɗayyabu, yadda yake maganar tsohuwa mai sayar da fura a zango. Ni ban san Ɗayyabu ya iya muryoyi ba. Shekara huɗu yana gabana, bai fi ya ce "na harba" ko "na gudu" ba.

Na sayi sabon littafin rubutu na ce zan yi bugu na uku. Na ja layuka da rula, na yi ɗakuna, na zauna neman dokar da ta fi gado da koyo. Duk wadda na rubuta, in na duba sai in ga tasa ce na juya wa riga. Ga rubutuna a karkace, ga tawadar biro tana ɗiga. Zuwaira ta kawo mini abinci ta leƙa.

"Wancan na saman kwaba ya fi kyau," in ji ta.

"Wa ya ce ki taɓa?"

"Ƙura na kaɗe masa. Malam, in faɗa maka gaskiya? Ƙyashi kake yi."

"Ni? Ƙyashin mai tafireta?"

Ta ajiye kwanon ta fita abinta. Gaskiya ta faɗa. Ƙyashi ne, irin wanda ke hana ka jin ɗanɗanon miya. Ba Ilu nake wa ba, Ilu takarda ne. Jikin bangon nan nake wa. Na riga na hango Asabar mai zuwa, za su ce a bar wanda ya san sabuwar doka ya ja, ni kuma in sauko tabarma in riƙa kallon bakin yaron da na koya wa.

Daren Laraba dabara ta zo mini, kuma har yau in na tuna ta sai in ji kunya. Na san malamai ba sa son ɗan lido. In Kawu ya hana wasan, Ɗayyabu zai daina tahowa daga Rogo, littafinsa ya mutu a saman kwaba. Bayan wata biyu ko uku sai in tara Falalu da Shitu a wani wurin, in buɗe tsohon littafina, mu ci gaba shiru. Na gwammace kowa ya rasa na ɗan lokaci da in zauna a tabarma.

Ranar Alhamis ba a karatu, amma bayan la'asar Kawu yakan zauna a zaure don masu tambaya. A wurinsa ba a cewa "ni ne". In kana da abin da ke damunka sai ka ce wani ne ya aiko ka, shi kuma ya amsa wa wanin, kowa ya tashi da mutuncinsa. Na jira dattawa biyu suka gama nasu suka fita, na matsa na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, wani ne ya aiko ni da tambaya."

"To. Allah ya sa mu sani."

"Wai an buga wani littafi a Rogo, na wasa da ɗan lido, da injin makaranta, ana shirin raba wa samari. Shi ne yake tambaya, mene ne hukuncin zama a irin wannan wasa?"

Kawu ya ajiye carbinsa a kan gwiwa.

"A ina ake wasan?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "A nan ne."

"A zaurena."

"E, Allah gafarta Malam."

Ya numfasa. "Nasidi, shekara huɗu ina cikin gida ina jin ƙarar wani abu yana faɗawa a faranti. Ba kurma ba ne ni. Ban leƙo ba, ban tambaya ba, domin ina ganinku kuna tashi salla a kan lokaci, ba ku zagin kowa, ba ku sa kuɗi. Abin da ban gani ba, ba a kuma tambaye ni ba, ba ni da magana a kansa. Amma yanzu wanin nan ya tambaya. Malami ba a tambayarsa ya yi shiru."

Sai a lokacin na gane cewa shirun Kawu kyauta ce yake ba ni duk Asabar, kuma ni da kaina na zo na mayar masa da ita.

"Ba na hukunci a kan abin da ban gani ba," in ji shi. "Jibi zan zauna da ku."

Asabar ta zo. Falalu da Shitu suka shigo suna hira, suka ga Malam Barau zaune a kusurwa, hirar ta tsaya. Suka zube suka gaishe shi. Ɗayyabu ya zo daga baya da ledarsa a hannu ɗaya, ƙwarya cike da ɓararriyar gyaɗa a ɗaya hannun. Na ɗauka tsaraba ce. Shi ma ya durƙusa ya yi gaisuwa, Kawu ya tambaye shi mahaifinsa da malaman Rogo ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ya ce, "An kawo mini tambaya a kan wasanku. Wani ne ya aiko. Kai ne ka buga littafin?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Nuna mini yadda ake yi."

Na gyara zama ina jiran a fito da faranti. Ɗayyabu bai ko dubi farantin ba. Ya jawo ƙwaryar, ya ƙirga gyaɗa goma ya ajiye gaban Falalu, goma gaban Shitu.

"Wannan shi ne ƙarfin mutum na yini ɗaya. In zai yi abu mai wuya, misali haye kogi, sai Madugu ya auna wuyar abin a ransa, ya damƙe tsakuwa daidai da ita a hannu. Amma dole ya kwatanta kogin da gaskiya, faɗinsa da ƙarfin ruwansa, don mai hankali ya kintata. Shi kuma mai wasa sai ya dubi lambar gwanintarsa a takarda, ya ƙara gyaɗa yadda yake ganin za ta isa. Madugu ya buɗe hannu. In ta kai ya haye. Gyaɗar da ya sa ta tafi, sai gobe. In ya yi almubazzaranci da safe, da yamma 'yan fashi su same shi ba ƙarfi."

"Ɗan lidon fa?"

"Babu shi, Allah gafarta Malam. Na cire. Wani kawuna a Rogo Ruma ya ga irinsu a ɗakina ya yi mini magana, sai na ji nauyin a ce muna jefa su a zauren Malam. Shi ya sa ma na zauna na sake tsarin. Yana shafi na huɗu."

Shafi na huɗu. Falle ɗaya tsakaninsa da inda na rufe littafin.

Kawu ya karɓi littafin ya sa tabarau, ya bi shafin da yatsa a hankali, domin boko ba ya yi masa sauri. Ya yi tambaya biyu ko uku. Ya ce a nuna masa tsakuwar, aka nuna. Ya cire tabarau.

"Wannan lissafi ne da lura, kamar dara. In ba a sa kuɗi ba, ba a bar salla ba, ban ga laifi ba." Ya juyo. "To amma ni a kan ɗan lido aka tambaye ni. Suna wurin wa?"

Can Falalu ya ce a hankali, "Ai Madugu ke riƙe su."

Suna aljihuna, inda suke kwana tun 1987. Farare ne, ɗaya ya ɗan fashe a kusurwa. Na fito da su na ajiye a gaban Kawu, ya ɗauka ya zura a aljihun rigarsa.

"Wannan kam ba za a sake ba, a nan ko a wani wuri, in dai ana jin maganata. A gaya wa wanda ya aiko."

Bai dube ni ba da ya faɗi haka, ya rufa mini asiri yadda ya saba. Amma Ɗayyabu ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, ya mai da kansa ƙasa. Shitu ya shiga wasa da gyaɗarsa. Littafina mai shafi arba'in ya mutu a nan take, domin babu doka ɗaya a cikinsa da ke tafiya ba ɗan lido.

"Ku yi in gani," in ji Kawu. "Hukunci ba ya cika sai na ga an yi."

A nan ne Ɗayyabu ya yi abin da ban taɓa yafe masa ba. Ya tashi ya ɗauko buzuna inda ya jingine shi, ya kaɗe, ya shimfiɗa a jikin bango. Ya ajiye tsakuwoyin a gefe.

"Bismilla, Madugu. Ni tafireta na iya, labari naka ne. Daga shafi na biyar zuwa ƙarshe duk don kai na rubuta, daga littafinka na kwaso yawanci."

Wato bai taɓa neman wurina ba. Ni kaɗai na yi mako guda ina kokawa da shi, shi yana Rogo yana ɓare mini gyaɗa.

Na hau na zauna. Na gyara murya na ɗauko labarin daga inda Falalu ya cika mini kunne. Ayari ya fita daga fako, an yi kwana biyu, ga wani kogi a gaba ya kawo ruwa har yana jan itatuwa. Wannan kam na iya, bakina bai manta ba. Shitu ya matso.

"Maharbina zai fara hayewa da igiya ya ɗaure a wancan gefen. Iyo koyo ne a wurina, biyu. Damƙe tsakuwarka, Madugu."

Na kai hannu kan tsakuwoyin na tsaya. Nawa ake ɗauka wa kogi? Uku? Goma? Akwai iyaka? In ya kasa, nutsewa yake yi ko dawowa? In wani ya riƙe masa igiya, ana haɗa gyaɗarsu? Ban sani ba. Na ɗebi wasu na mayar, na sake ɗiba. Shirun da nake so ya sauka a zauren, amma ba irin wanda na saba ba ne.

Ɗayyabu ya yi ƙasa da murya. "Shafi na bakwai, Madugu. Akwai jerin."

Kawu ya ji. "Nasidi."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Ka karanta littafin nan?"

Wa zai yi wa Malam Barau ƙarya a zaurensa? Na ce, "Na fara."

"Ka kai ina?"

"Shafi na uku."

"Na uku." Ya maimaita shi kamar yana auna nauyinsa. Na san abin da yake lissafawa, cewa an kawo masa ƙarar littafin da ba a karanta ba. Bai faɗa ba. Ya ce, "Shekara talatin ina karantarwa a ɗakin nan. Dattijo mai furfura yakan zauna a bayan ɗan cikinsa in ɗan ya riga shi kai babin. A nan wanda ya karanta shi ke zama gaba. Tashi ka ba shi."

"Allah gafarta Malam," in ji Ɗayyabu da sauri, "ai zan iya nuna masa, abin ba wuya. Ko na yau kawai…"

"Zauna, ɗana."

Na tashi. Na zagaya na sami gefen tabarma tsakanin Falalu da ƙofa, inda iska ke shigowa. Falalu bai tsokane ni ba, kuma da ya tsokane ni da ya fi mini sauƙi. Ya zaro sabuwar takarda daga ledar ya miƙo mini da jan bironsa, ya ƙirga mini gyaɗa goma. Na dubi ɗakin gado. Mu manoma ne kaka da kakanni. Na rubuta noma, na zauna ina tunanin amfanin da manomi zai yi wa ayari a bakin kogi.

Ɗayyabu ya zauna a ɗofane, kamar mai jiran a ce ya tashi. Ya damƙi tsakuwa. Ya fara da 'yar rawar murya, ina jin daɗi a raina, ina cewa yanzu za a ga bambanci. Jimla uku ya yi muryar ta zauna. Ya ce ruwan ja ne, yana wari kamar sabon gini. Ya ce akwai wata tsohuwar jaka mai ɗingishi a ƙarshen ayari, wadda ke ɗauke da gishirin wata gwauruwa, kuma tun da ta ji ƙarar ruwan ta kafe ƙafafu ta ƙi gaba. Ya yi muryar gwauruwar tana lallashinta. Shitu ya haye da gyaɗa shida, ya ɗaure igiya. Aka hayar da jakuna ɗaya bayan ɗaya, gyaɗar kowa tana ƙarewa, sai jakar nan ta rage a tsakiyar ruwa, igiya ta fara tsinkewa sili-sili.

Ni ban taɓa sa wa jaki ɗingishi ba. Shekara huɗu jakunana lamba ce kawai, ashirin sun tashi, sha takwas sun isa. Na dubi Falalu, bakinsa a buɗe. Na dubi Shitu, ya manta da gyaɗar da ke hannunsa. Ban taɓa ganin fuskokinsu daga wannan gefen ba, kuma na san ba za su sake neman in koma jikin bango ba, ko da na haddace shafi ashirin da huɗun nan kamar Fatiha.

Ladan ya kira magariba. Ɗayyabu ya ajiye tsakuwar bai buɗe hannu a kanta ba, ya rufe da hula, ya ce sai Asabar. Muka miƙe neman buta. Kawu, wanda kullum shi ke riga kowa fita, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ɗayyabu," in ji shi, "jakar nan, ta haye kuwa?"

Shekara huɗu yana jin muryata ta bayan bango, bai taɓa tambayata yadda wani labari ya ƙare ba. Na tsuguna ina alwala, zuciyata tana tafasa, na kasa kunne don in ji amsar. Abin haushin, ni ma ina son in sani.